Mai Tari Ba Ta Sayarwa Ba Ce

Magajin Gari,
Birnin Gwari.

Zuwa ga ƙanena Boaz,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Rebecca da yara duka a can Fatakwal. Ina roƙon Allah ya sauƙaƙa maka ciwon bayan da ka ce yana hana ka sunkuyawa, ya sa albarka a aikinka, ya kiyaye fitarku da shigarku. Mu nan muna cikin alherinsa. Matata Sabina ta warke daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, har ta koma zumuntar mata tana yi musu faɗa kamar da. 'Yarmu Jemima ta sauka lafiya, an sami ɗa namiji, kuma kowa ya ce goshin Baba ya ɗauko. Damina ta yi kyau, masara ta cika ido. Tun da aka yi sulhu da mutanen daji kasuwa ta dawo ci, sai dai sulhu ne irin wanda mutum yake kwana da takalminsa kusa da kai. Ni kuwa ina nan yadda ka san ni, tsohon da ya karanta injiniyancin aikin gona, ya yi wa gwamnati bauta har kansa ya yi fari, aka sallame shi da takardar yabo wadda ko gara ta ƙi ci.

Na zaɓi in rubuta maka da hannu ne domin a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Zancen motarmu ne, Mai Tari, wadda ɗanka Gabriel ya ɗauki hotonta da ya zo Kirsimeti, ya sa a shafin intanet inda ake tallar motoci masu ban mamaki. Ya turo mini hotunan maƙwabtanta a shafin, na kuwa sha kallo. Na ga wata an ƙera ta kamar kwalekwale, wata tayoyinta sun fi ni tsawo, wata bas kuma har da gado da murhu da banɗaki a ciki, wai ta masu zuwa daji hutawa ce. Na yi dariya ni kaɗai. Ashe akwai ƙasar da mutum zai biya kuɗi don ya kwana a daji. A tsakiyarsu ga tamu: gabanta na tsohuwar Landirova, bayanta na akori-kura, injin dizal ɗin da ka saya mana, bencin coci biyu da Ɗalha mai walda ya liƙa, rumfar kwano a sama, da salansar da muka yi da bututun rijiyar burtsatse, wadda take sa ta tari kamar tsoho mai shan taba. Gabriel ya rubuta a ƙasa cewa babu irinta a duniya. A nan dai bai yi ƙarya ba.

Ka gaya mini wani mai wurin shaƙatawa a Abuja ya gan ta, yana so ya kafa ta a kan ciyawa mutane su riƙa ɗaukar hoto a jikinta, kuma zai ba mu Hilux ta hannu a madadinta. Ka ce in yi hankali kada taurin kaina ya sa mu yi asara, don irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Ban ƙi maganarka ba. Har Kaduna na je wajen dillalan motoci don in ga yadda kasuwar take. Boaz, motar da ta gama yawonta a ƙasar Turawa, tsatsa ta cinye ƙarƙashinta, aka shafe ta da fenti, sai ka ji ana kiran miliyan ashirin, miliyan talatin, ba tare da an ƙifta ido ba. Wadda ma ta sha duwatsun ƙasar nan har ta gaji, kuɗinta ya fi duk abin da na karɓa a shekarun aikina. Wani dillali ya dubi takalmina ya ce ko kallo na zo yi. Na ce masa e, kallo na zo yi, kuma na gani. Na dawo gida ina cewa a raina ƙanena yana da gaskiya, wauta ce mutum ya ƙi wannan musaya.

Saboda haka da dillalin mutumin, wani mai suna Abarshi, ya kawo Hilux ɗin don in gwada, ban yi musu ba. Fara ce, gilashinta baƙi, in an tayar da ita sai ka sa kunne kafin ka ji injin. Ba zan ɓoye maka ba, da na zauna a ciki sanyi yana busa ni, sitiyari yana juyawa da yatsa ɗaya, sai da na ji kamar ashe karatuna bai tafi a banza ba. Na ce mu nufi ƙauyen Kusasu, tunda hanyar can ce aikin motar, kuma akwai buhunan masarar mutane da na yi alkawarin kwasowa. Ta haye rafi, ta hau tudun nan mai tsakuwa kamar ba ta san da shi ba. Abarshi yana ta zuba, wai yanzu na zama babban mutum.

Muka shiga Kusasu da hantsi, ba mu tarar da kowa ba. Tukwane suna kan wuta, turmi da taɓarya a yashe, masara a shanye awaki suna ci, takalmin wani yaro ƙafa ɗaya a tsakiyar hanya. Sai a lokacin na gane abin da na yi. Mutanen nan shekara da shekaru da kunne suke rayuwa. Sun san ƙarar baburan daji, sun san ƙarar kowane babur na gari. Baƙuwar farar mota mai baƙin gilashi kuwa, a wajensu ta jami'an tsaro ce: ko dai faɗa ne yake tafe, ko kuma bayan ta tafi mutanen daji su zo su tambayi wanda ya kira ta. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Na fito na tsaya bakin gona ina kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ni ne Ishaya. Ba wanda ya amsa. Daga baya suka gaya mini sun ji muryata sarai, amma sun sha ganin an sa wa mutum bindiga a ƙeya an ce ya kira 'yan'uwansa.

Na sa Abarshi ya juya muka koma gari. Na tayar da Mai Tari, na sake kama hanya ni kaɗai. Tun kafin in haye rafi, tarinta ya riga ni isa. Ina hawowa tudu na fara ganin kawuna suna fitowa daga cikin dawa, mata da goyo, tsofaffi da sanduna. Bakoji, Bafulatanin da yake kiwo a gefen garin, shi ya tare ni ya ce in bi shi. Iya Furera, tsohuwar nan mai daddawa da take aiko maka da ƙulli duk lokacin da ka zo, ta faɗa kwazazzabo wajen gudu, ƙugunta ya karye. Tana kwance a wurin tun hantsi, ta cusa bakin zanenta a baki don kada a ji kukanta. Muka ɗauko ta a kan ƙyauren ɗaki, muka shimfiɗa ta tsakanin bencin nan biyu da Gabriel yake yi wa dariya. A hanya ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Sai da muka kusa asibiti ta kama hannuna ta ce, “Malam Ishaya, in ka gaji da mu ka faɗa mana, amma kada ka ƙara zo mana da baƙuwar mota.” Har yau tana kwance, likita ya ce da wuya ta sake tafiya ba sanda.

Abarshi ya ce abin mai sauƙi ne, a cire salansar Mai Tari a ɗaura wa Hilux, ko a yi mata fenti ja irin na Mai Tari. Na ce masa tari ba a salansa kaɗai yake ba, kuma ko da an iya, mutumin Abuja da tarinta yake son ta. Ya ce mutane za su saba da sabuwar a hankali. Na tambaye shi ƙugu nawa za a karya kafin su saba. Ya ɗauki motarsa ya tafi yana cewa bai taɓa ganin ɗan boko mai ƙin ci gaba irina ba. Ci gaba na sha ganinsa, Boaz. Na ga taraktocin da aka kawo da kiɗa da jawabi, suka ruɓe a bayan ofis ba su taɓa huda ƙasa ba. Na rubuta rahotanni a kan hanyar nan ta Kusasu da Tabanni har hannuna ya yi kanta, ba wanda ya karanta. A duk abin da na yi da ilimina, wannan tarkacen ne kaɗai ya yi wa wani amfani. Ita ce take kai mai naƙuda asibiti, ita take kwaso amfanin gona, ita take kai gawa gida. Mutanen daji ma sun san ta, sun san ba ta ɗauke da komai sai masara da marasa lafiya, kuma ba wanda zai saya in sun ƙwace. Muninta shi ne tsaronta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na san rabin motar naka ne, kai ka sayi injin, kuma ba zan ci haƙƙin ƙanena ba. Na san kuma don tausayina ka yi, kana ganin kafaɗuna ba za su daɗe suna kokawa da wannan sitiyari ba. To ga abin da na yanke. Filin da Baba ya bar mini a garinmu na asali, wanda yake kusa da naka, wanda nake cewa zan gina ɗaki biyu in koma in ƙarasa kwanana, na bar maka shi a madadin rabonka. Na gaya wa Sabina. Ta yi kuka, don ta daɗe tana ƙirga itatuwan da za ta shuka a wurin, amma da ta je ta duba Iya Furera ta dawo ba ta ƙara tayar da zancen ba. Zan aika wa Kawu Dabo ya tara dangi ya shaida. Kada ka kira ni don ka lallashe ni, kada kuma ka ce ba ka so, don in ka ƙi karɓa ka bar mini nauyi ne. Abu ɗaya nake roƙonka: ka sa Gabriel ya cire hoton nan daga shafin, ya gaya wa mutumin Abuja ya nemi wani abin da zai kafa a kan ciyawarsa.

Ka gaishe mini da Rebecca, ka ce Sabina ta gode da atamfa. Ka gaishe da Gabriel, ka ce ban yi fushi da shi ba, hotonsa ma ya fi motar kyau. Ka gaishe da Queen da Meshach, su dage da karatu, ko da yake baffansu ba shi ne misalin ribarsa ba. Jemima da mijinta suna gaisuwa, Ɗalha ma ya ce a gaishe ka. Zan tsaya nan, don gobe kasuwa ce, kuma buhunan Kusasu suna nan inda na bar su. Ni da komawa garinmu sai dai ziyara ke nan, Boaz. In kwanana ya ƙare a nan za a binne ni, kuma ka san motar da za ta kai ni.

Naka yayanka,
Ishaya