Ranar Talata Zan Tsaya Gaban Alƙali

Yaya Graciete,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga.

Tsohon kamfanina ya maka wanda nake wa aiki yanzu a kotu, wai an kwaikwayi haɗin robar da yake lulluɓe ƙwallon golf da ita, alhali shi ke da haƙƙin mallaka. Ni kaɗai na yi aiki a duka biyun, shi ya sa aka kira ni shaida. Lauyanmu ya ce, "Ilidio, ka ce ka manta kawai." Yaya, ban manta ba, haɗin ɗaya ne. In na faɗi gaskiya, aiki da takardun zamana a ƙasar nan sun tafi, sai komawa gida. In na yi ƙarya bayan rantsuwa, sai kurkuku.

Ki kunna min kyandir a coci. Ki share ɗakina kuma, amma kada ki gaya wa kowa dalili.

Ƙaninki,
Ilidio, New Bedford