A Buɗe Wa Fulomo Ƙofar Fili

Zuwa ga Mai girma shugaban ƙungiyar ƴan gudu ta Yamai,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Ni ne Ɗanladi tela na unguwar Yantala, wanda ke ɗinka wa ƴan gudunku gajeren wando tun Faransawa na nan. Kuka na kawo a kan baƙona, Fulomo ɗan Laberiya, wanda gardinku ke tarewa a ƙofar fili.

Na farko, bari in tuna maka ko wane ne shi, tunda ba ka gari a lokacin. Ba mu daɗe da samun ƴancin kai ba aka gayyato ƙasashen maƙwabta tsere. Kai, Yamai ta yi kyau ran nan! Matan kasuwar Petit Marché suka rufe kayansu da buhu suka taho, masunta suka bar jiragensu. Fulomo ya riga ya yi gudu a Dakar, ya yi a Turai, kuma ana shirin kai shi Amurka. A tseren safe na ga abin da ban taɓa gani ba: kafin in gama gyara hulata mutumin nan ya kai ƙarshe, yana dariya. Har gobe ban manta ba.

Na biyu, ba rashin iyawa ne ya kayar da shi ba, karamcinmu ne. Ka san mu, in babban baƙo zai zo sai an yayyafa wa ƙofar gida ruwa. To haka manyan ƙungiya suka sa ƴan ga-ruwa su jiƙa hanyar gudun kafin tseren la'asar, wai don kada ƙura ta taɓa rigunan manyan baƙi. Ƴan ga-ruwa kuwa suka zage, ƙasa ta zama taɓo. Fulomo na gaba da kowa santsi ya kwashe shi, gwiwarsa ta gurɗe. Ƴan ƙasarsu suka hau jirgi suka bar shi a gidan likita. Ni na ɗauko shi zuwa gidana, na kai shi wurin maɗori a Tondibia. Ƙafa ta taka, amma gudu ya ƙare.

Bai taɓa zagin kowa ba. In an tayar da zancen sai ya ce da gurɓatacciyar Hausarsa mai ƙamshin Zabarmanci: "Ƙasa ya sha ruwa, ƙasa ba laifi." Ya zauna da mu, yana cin kopto, kwaɗon zogalen nan, kamar ɗan gari. Kullum da la'asar yana fili yana koya wa samarinmu yadda ake tashi a farkon tsere, ba wanda ya sa shi.

Na uku, tun da kuka kawo sabon mai horarwa aka ce Fulomo ba shi da takardar shaida, ba ya jin Faransanci, saboda haka ba zai shiga ba. Haba, ranka ya daɗe! Da Faransanci ake gudu? Wallahi raina ya ɓaci. Yanzu bayan katanga yake tsayawa yana sauraren usur, ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Har ya fara tambayar direbobi hanyar Abidjan, wai daga can ya koma Laberiya, alhali a can gida ba shi da kowa.

Roƙona guda ne. Ba ya neman aiki, ba ya neman lambar yabo. A gaya wa gardi ya buɗe masa, ya zauna ko a ƙasa ne ya ga yaransa suna gudu. Idan kuma ba za a yi ba, ka zo Yantala ka faɗa masa da bakinka, domin ni na gaji da ce masa gobe.

Allah ya ƙara maka girma, ya sa ka gama lafiya, ya ba ka ikon sauraren ƙananan mutane irinmu.

Wassalam,
Ɗanladi tela, Yantala