Maganar Baba da Aka Yanke

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da Umma da yaranki masu cinye mana sukari. Ya ɗinki, ya fama da masu cewa gobe za su sa kayan?

Yaya, me ya sami wayarki? Kullum na kira sai a ce a kashe take, ta Baba ma haka. Na samu Umma, ta ce min lafiya lau, amma da irin muryar nan tata da take yi idan tana ɓoye wa Baba cewa an fasa kofinsa. Shi ya sa na rubuto na ba direban motar safe, kamar mutanen da.

Karatu dai alhamdu lillahi. Zangon nan muna wani darasi a kan yadda kafafen sada zumunta suka sauya muhawarar jama'a da dimokuraɗiyya. Malaminmu wani siriri ne mai yawan tari, muna ce masa Dakta. Ya ce da can sai mai rediyo ko mai jarida ne ke da baki, yanzu kowa da lasifikarsa a aljihu. Ni kam abin ya burge ni. A kansa zan yi binciken kammalawa. Ki faɗa wa Baba, na san zai ce to shi da ya yi shekaru yana musu a benci babu wanda ya ba shi digiri.

Ki ba direban amsa don Allah.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Kowa yana gaishe ki. Umma ta ce kada in faɗa miki sai kin gama jarabawa, amma kin san ni, magana ba ta kwana a cikina.

Kin tuna filin bayan makarantar firamare da ake ta rigima a kansa, wasu na son asibiti, wasu na son shaguna? An yi taron unguwa, tunda zaɓen shugaban kwamiti ya matso, kuma Baba ya sake tsayawa. Ina wurin, a baya na zauna. Baba ya miƙe ya ce, "Akwai masu cewa talakan unguwar nan ba su isa a gina musu asibiti ba. Ni kuwa na ce muddin ina numfashi, asibiti za a gina."

Wani ya ɗauka a waya, ya datse farkon, ya datse ƙarshen. Abin da ya rage shi ne Baba da hularsa, ya ɗaga yatsa, yana cewa talakan unguwar nan ba su isa a gina musu asibiti ba.

Kafin mu gama wanke-wanken yamma abin ya zagaye zauren unguwa na waya, ya fita waje. Wani ya saka lambata a ƙarƙashi. Auta, mutanen da ba su san ƙofar gidanmu ba suke kira suna tsine mana. Wata mata da na yi wa ɗinki shekara da shekaru ta aiko a karɓi yadinta ko yankawa ban yi ba. Shi ya sa muka kashe wayoyin.

Duk wannan bai karya Baba ba. Dariya ma ya yi, ya ce waɗanda suka je taron ai suna da kunne. Abin da ya karya shi, da ya tambayi wa ya saka bidiyon a zauren unguwa, aka ce Kawu Mai Kemis ne. Amininsa, wanda suke zama a benci ɗaya tun ba a haife mu ba. Ranar taron yana asibiti ana duba masa hawan jini, bai ji da kunnensa ba. Aka turo masa, ya tura, ya rubuta a ƙasa, "Ban taɓa zaton haka daga malam ba."

Baba ya ce in karanto masa. Na karanta. Ya ce in sake. Daga nan ya shiga ɗaki ya ja labule.

Ki yi karatunki, kada ki zo.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma yi mana jaje. Na karanta wasiƙarki a tsaye a tasha, ban san lokacin da na zauna a kan buhun wani ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Shekaranjiya Dakta ya shigo aji ya kashe fitila, ya ce ya samo mana sabon misali mai zafi. Ya kunna majigi, sai ga Baba ya cika bango. Rigar da ke jikinsa ke kika ɗinka, na gane aljihun.

Dakta ba mugu ba ne. Tun farko ya ce bidiyon da alama an yanke shi, mu lura da yadda sautin ya fara a tsakiyar numfashi. Sai ya raba mana sharhin da mutane suka rubuta, ya ce mu kasa su gida-gida: zagi, barazana, raha, neman hujja. Ni aka ba rukunin zagi. Na zauna da biro ina sa alama a gefen kalmomin da aka jefi ubana da su. Yarinyar da ke kusa da ni ta ce, "Kai, wannan tsohon ya sha ruwan zagi," ta ci gaba da taunar cingam.

Da aka tashi na bi Dakta ofis na ce masa mahaifina ne. Ya cire tabarau. Sannan ya ba ni haƙuri, ya ce zai cire shi daga darasin. Na ce ba cirewa nake so ba, gyara nake so. Ya ce in samo cikakken bidiyon, shi da kansa zai taimaka a yaɗa. Amma ya ce in shirya zuciyata, don duk binciken da ya karanta ya nuna gyara ba ya zuwa inda ƙarya ta je. Na taɓa rubuta wannan jimlar a jarabawar gwaji, har maki na ci da ita. Ban san da gidanmu take ba.

Mai ɗaukar hoton da kwamiti ke kira, shi yakan ɗauki taro daga farko har ƙarshe. Ki je wurinsa don Allah. Kuma ki faɗa min gaskiya, Baba yana cin abinci?

Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Na je, na samo cikakken bidiyon, kin kuma ga an saka. Allah ya saka wa Daktan naku. Na kunna wayata don in ga abin da za a ce. Mutane ƙalilan ne suka kalla, ya yi musu tsawo. Wani ya rubuta wai wannan ne na bogin, mu muka haɗa. Sauran sun koma kan rigimar wata mawaƙiya da mijinta.

An yi zaɓe, Baba ya faɗi. Wanda ya ci, ɗan masu son shagunan ne, har ya zo gaida Baba da lemo. Abin da ya fi ba ni haushi, mutanen da suka zauna a layin gaba a taron nan, suka tafa masa, ko ɗaya bai buɗe baki a zauren ba. Na tare ɗayansu, mai gyaran famfo, na ce, "Kai ba ka ji abin da ya faɗa ba?" Ya ce, "Na ji mana, amma idan na yi magana kaina za su dawo."

Baba yana cin abinci, kaɗan. Ba ya fita sai masallaci, ya dawo ta lungun baya don kada ya bi ta gaban kemis. Jiya ɗana ya ce masa tebur ya fi kujera amfani, don dai ya ja shi musu kamar da. Baba ya ce, "Haka ne." Umma ta tashi ta shiga kicin, na ji tana jan hanci.

Kawu Mai Kemis ya ga cikakken. Ya zo gidan nan da sandarsa, ya rame, ya tsaya a ƙofa ya kasa shigowa. Baba ya ce a ce yana barci. Ya sake dawowa, aka sake ce masa haka. Ya ce min, "'Yata, ki ce masa yatsana ne ya riga hankalina." Na faɗa wa Baba. Ya juya fuska bango ya ce, "Yatsa ba ya rubuta 'ban taɓa zato ba'."

Ki rubuto masa, ƙila ke ya ji taki.

Yayarki

*

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na samu wasiƙarki, na karanta duk nasihar da kika yi min. Ta iso a makare. Mai Kemis ya rasu ranar Talata da hantsi, a cikin shagonsa, yana miƙa wa wata mata magani. Na je jana'izar, na tsaya a sahun gaba. Matarsa ta ce min kullum sai ya sa an share bencin.

Kada ki sauya binciken da kika ɗauko saboda ni. Ki gama shi.

Tambaya ɗaya gare ni, ki kai wa malaminku. Yayarki ta nuna min cewa abin da marigayin ya rubuta yana nan a zauren, da sunansa da hotonsa, kowa na gani. Wayarsa tana kulle, babu wanda ya san lambar buɗe ta. Shin akwai yadda za a goge? Ba don ni ba. 'Ya'yansa suna cikin zauren nan, kuma mutumin ya faɗi abubuwa masu yawa a kaina waɗanda suka fi wannan kyau, sai dai duk a benci ya faɗe su.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki