Gonata Ta Koma Mafaza

Daren Talata, farkon damina, Gadarif

Na gaji. Yau ma a ofishin ƙungiyar manoma na yini. Manhajar da muke neman tarakta da ita ta dage gonata a Mafaza take, alhali tun zamanin mahaifina tana Gadambaliya, ban kuma ji ta yi ƙafa ba.

Amna mai kwamfuta ta juyo mini allon, na ga ƙorafina. An ba ma'aikacinsu Usman, Usman ya tura wa abokin aikinsa Bashir, Bashir ya ce ba ɓangarensa ba ne. Ashe da an sauya hannu, lambar nuskha, wato wace fitowar manhajar ce a wayata, gogewa take yi, sabon ya sake tambaya. Sau uku ina faɗa.

"Malesh, yi haƙuri, ya Hajj," in ji ta, "taka ta tsufa. Jiya aka fitar da sabuwa, sai an buɗe wani ƙorafin."

Na ce, "'Yata, a sabuwar gonar ta dawo gida?"

Ta mayar da allon gabanta.

Hadari yana haɗuwa ta wajen Gallabat. In ruwa ya sauka, laka ba ta barin tarakta ta shiga. Gobe bayan asuba ƙofar direban taraktar zan je in zauna, shi dai ya san hanya.