Inna Ta Manta Hausa

Anti Maijidda, ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Mahaifiyata Dija ta yi ciwon shanyewar ɓarin jiki bara. Da bakinta ya buɗe sai Hausa ta ɓace mata, Fillanci kawai take yi. Mu kuwa 'ya'yanta ba mai jin sa sai gaisuwa.

Asalinmu rugar da ke bayan Sae Sabuwa ce. Lokacin da fari ya cinye shanun babanmu muka dawo Gidan Rumji. A lakol, wato makarantar boko, yara suna kwaikwayon maganarmu, ni kuma na rantse ba zan ƙara yin Fillanci ba. Inna tana yi mini, ina amsa mata da Hausa, har ta gaji ta bari.

Wata huɗu tana maimaita "mi hootan". Na ɗauka hutu take so, ina ta gyara mata shimfiɗa. Ƙanena Ilyasu, sarkin sani, ya ce hoto take nufi, ya cika wayarsa da hotunanta tana harararsa. Sai da wata mai tallar nono ta shigo gidan ta ji, ta ce mana Inna cewa take za ta koma gida. Ranar na yi kuka, kunya ta rufe ni.

Ilyasu ya ce ba inda za ta je, ruga ba likita. Ni kuma tambayoyi sun dame ni. Ina Hausar da ta yi shekara arba'in tana yi ta tafi? Daga ina Fillancin nan ya taso, kuma yaya aka yi ya mutu a gidanmu ba wanda ya lura? In kai ta, ko in bi ta Ilyasu?

'Yar Dija, Gidan Rumji

*

'Yar Dija, sannu da jinya. Likitoci sun san irin wannan: wani lokaci ciwon kan ɗauke harshen da aka koya daga baya, ya bar wanda aka sha a nono. Fillanci kuwa, masana sun ce daga yamma mai nisa ya biyo makiyaya, can wajen Senegal. Yadda ya mutu a gidanku ke ma kin faɗa da bakinki: uwa tana yi, ɗiya tana amsawa da wani. Ba na ɗora miki laifi, yarinya ce aka yi wa dariya.

Ilyasu bai iya fassara ba, amma a kan likita yana da gaskiya. Kada ku mayar da ita ruga gaba ɗaya. Sai dai Sae Sabuwa ba Makka ba ce. Ku tambayi likitanta, in ya yarda ku kai ta da maganinta ta yi kwana biyu cikin danginta. Ki shirya zuciyarki, watakila gidan da take nufi babu shi yanzu.

Kafin nan, ki roƙi wata dattijuwa daga dangi ta zo ta zauna da ku. Ke kuma ki riƙa koyon kalma biyu kullum, ki faɗa wa Inna ko a karkace. In ta gyara miki, kun fara hira ke nan. Ki hanzarta, wannan malamar ba za ta daɗe tana jiran ɗaliba ba.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki ladan jinya.

Anti Maijidda