Gangar Saurar Shago

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga Abdussalam ɗan Larai, mazaunin Unguwar Buwai a ƙasar Bagwai, zuwa ga kawuna Dogo, makaɗin noma na Tofa. Gaisuwa da ban girma da fatan alheri. Bayan haka:

Kawu, ka san tun ina ƙarami na bar ganga na bi karatu. Yau ga ni ina neman abin da ke kanka.

Gabas da gonata akwai wata saura, tsohuwar gona da aka bari, ƙasa baƙa mai kyau, ba mai taɓa ta duk da ƙarancin fili a nan. Tun da aka fara noman fari, kullum rana ta take tsaka sai a ji gangar noma daga cikinta. Na je da ƙafata, ban ga kowa ba sai ciyawa da bishiyar kuka guda. Sautin yana gabana, in na matsa sai ya koma bayana. Maƙwabtana Maguzawa ne. Na tambayi Buwai, mai unguwar, ya ce, "Malam, mu ba mu ji komai ba." Yana faɗa ƙafarsa tana bin kiɗan.

Na yi dabarar sa kiɗan a takarda. Alif shi ne dukan sanda, ɗigo taɓin yatsu, ɗaurin da muke sa wa harafi kuma shiru ne. Ga abin da ake ta maimaitawa: alif, alif, ɗigo, ɗigo, alif, ɗauri. Daga nan sai ɗigo barkatai da sauri, hannuna ba ya iya bi. Mene ne ma'anarsa?

Matata Hure tana gaishe ka. A gaida Inna. Wassalam.

*

Daga Dogo zuwa ga Audu. Gaisuwa. Malam Hadi ke rubutawa, ni ke faɗa.

Takardarka ta iso ta hannun masu jakuna. Malam Hadi yana karanta alif-alif ɗinka ina kaɗawa a cinya, muna dariya. Da na kai ƙarshe dariyar ta ɗauke.

Wannan take ne. Take shi ne sunan mutum a bakin ganga. Kowane manomin kirki yana da nasa, kuma in an kaɗa shi jikinsa ke amsawa kafin kunnensa. Wannan na san shi, don na yi kiɗan gayya a ƙasar Bagwai ina da ƙarfina. Cewa yake, "Buwai, Buwai, ƙasa ta san ka." Mai saurin da ya gagare ka kuwa zuga ce. Ma'anarta, duƙa kada ka ɗago.

Abu biyu za ka bincika mini. Wane ne makaɗinsu, kuma yana ina? Sannan ka kasa kunne ga ƙarshen kiɗan. Kowace gayya da kiɗan tashi ake rufe ta, shi ke gaya wa mutane aiki ya ƙare, a saɓa fartanya a tafi gida. Ka ji ko ana yin sa.

Ka gaya wa Buwai ya riƙa barin unguwar da hantsi. Allah ya tsare. Uwarka lafiya lau.

*

Da sunan Allah. Daga Abdussalam zuwa ga Kawu Dogo. Gaisuwa da ban girma. Bayan haka:

Saƙonka ya iso a makare. Mun binne Buwai.

Ran kasuwar Bagwai aka neme shi da azahar aka rasa. A cikin saurar muka tarar da shi yana noma, a duƙe, tafin hannunsa ya sale, ƙotar fartanyar ta jiƙe da jini. Na kira sunansa a kunnensa bai ɗago ba. Sai da ƙarti suka taru suka ɓamɓare shi. A kwance ma hannuwansa ba su daina sara ba, har rai ya yi halinsa.

A wurin makoki matarsa ta ba ni labari. Makaɗinsu Shago ne. A wannan saurar, bara waccan, ana tsakiyar gayya ya yanke jiki ya faɗi da sanda a hannu. Mutane suka firgita suka watse. Ba wanda ya ɗauki gangar ya rufe. Ta ce, "Malam, shi bai san an tashi ba."

Na saurara kamar yadda ka ce. Babu ƙarshe, Kawu. Kiɗan yankewa yake a tsakiyar zuga, kamar an toshe bakin mai magana. Yanzu wani taken ake yi, kuma mai shi an ɗaure shi da igiya a turken gidansa, da yardarsa. Na yi addu'a, na yi rubutu na zuba a kusurwoyin saurar, kiɗan bai fasa ba. Gidaje sun fara ɗaure kaya, ga gero ya kai gwiwa. Mu ba inda za mu, cikin Hure ya tsufa. Jiya tana niƙa na ji dutsen yana tafiya daidai da gangar. Na yi mata magana ta dube ni kamar ban ce komai ba.

Don Allah ka aiko mini da kiɗan tashi. Wassalam.

*

Daga Dogo zuwa ga Audu. Gaisuwa da ta'aziyya.

Ga shi, amma ba da son raina ba: alif, ɗigo, alif, ɗauri. A maimaita, kowane dukan ya fi na baya sanyi, har ya mutu.

Yanzu buɗe kunnenka. Akwai wani kiɗa da muke kira karɓa. In makaɗi ya gaji a gona, ɗan'uwansa ya zo gefensa ya kaɗa shi, ma'ana sauke, na ɗauka. Dukansa da na tashi ɗaya ne, ba bambanci ko na ɗigo. Abin da ya raba su sauri ne, kuma na sa Malam Hadi ya nemo mini harafin sauri ya ce babu. Tashi a hankali ake yin sa, kamar tafiyar wanda ya yini yana huɗa. Karɓa kuwa a kan gudun mai kiɗan ake hawa.

Ganga tana jan ganga, Audu. Ni da na tsufa a ciki ma sai na cije. Kada ka taɓa. Ƙafata ta kumbura kuma an ce kogin Watari ya cika, amma da ruwa ya janye zan hau jaki in zo. Ka jira ni. Malam Hadi, sake rubuta masa: ka jira ni.

*

Zuwa ga Kawu. Gaisuwa.

Ban jira ba. Na dawo daga alwala na iske Hure a bakin saurar da fartanya, tana kokawar duƙawa da cikinta. Na kai ta gida na sa mata suka riƙe ta, na shiga ɗakin Shago na sauko da gangarsa daga rataye. Fatar ba ta saki ba ko kaɗan.

Na tsaya gindin kukar na fara a hankali, yadda ka ce. Sai gangar saurar ta yi shiru. Na ji daɗi. Can sai ta dawo, ƙasa-ƙasa, a kafaɗata ta hagu, tana tafiya tare da ni kamar mai rakiya. Ban san lokacin da hannuna ya ɗauki gudu ba. Na dai ji wani ya sauke numfashi kusa da wuyana, dogon numfashi, irin na wanda aka sauke wa kaya.

Saurar ta yi tsit tun ranar. An kwance wanda aka ɗaure a turke. Mutane suna ta kawo mini kaji.

Hure ta ce kullum rana ta take sai in tashi daga kan buzu in saɓa gangar. Ni ban sani ba. Ta ɓoye ta a rumbu, ta ce na hau na ɗauko. Ta ce jiya maza suka fito ƙofar gidajensu riƙe da fartanyu, suna kallona.

Kawu, yanzu na san taken kowa a unguwar nan, ba wanda ya koya mini. Na san na Hure, ita da ba a taɓa yi wa ba. Na san naka. Yana da daɗi ƙwarai. Ka zo in kaɗa maka. A'a, kada ka zo. Ka zo.

*

Daga Dogo zuwa ga ƙanwata Larai a Tofa. Gaisuwa.

Audu ke rubuta wannan, ki sa Malam Hadi ya karanta miki. Ya dawo hayyacinsa. Yana ci yana sha. Hure ta sauka lafiya, mace.

Na iske shi a tsaye da gangar, ya rame, bai gane ni ba. Na tsaya gefensa na gwada kiɗan tashi, hannuna ya ƙi. Sai na karɓa.

Da hantsi nake shiga saurar ni kaɗai, kafin abin ya zo. Taken matattu kawai nake kaɗawa, na san su da yawa, za su ishe ni. Ba rayayyen da ya sake fitowa da fartanya. Saurar dai ta kusa nomuwa tas, kunya-kunya, aiki mai kyau, kuma ban ga masu yi ba.

Ba zan dawo Tofa ba. Gangunana na gida a yanke fatunsu. Ki yafe mini. Inuwa ta fara gajarta, zan fita.