Ƙafar Zailani

Faraku, ranar Talata

Zuwa ga ɗana na fari, a Librebil, ƙasar Gabon. Ƙanwarka Munira ce ke rubutawa, ta sa sunanka a bayan takarda, ni ka san ba na faɗarsa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka. Yaya aiki, yaya zaman wuri? Allah Ya ba ku lafiya, Ya tsare ku fita da shiga. Mutanen Jugu lafiya lau na baro su. Mu muna nan babban asibitin Faraku, yau kwana tara, a tabarma gindin bishiya. Ina cin abinci, ban san me nake ci ba. Kuka ma bai zo ba har yanzu.

Ran da ka kira na ce maka ƙanenka Zailani ya ji ciwo a ƙafa. Bakina ne ya tsaya nan. Ƙafar babu ita, ta dama, daga gwiwa.

Yadda direbansu Labaran ya gaya mini, katafila suka ɗauko a bayan babbar mota daga Gar, tashar jirgin ƙasa ta nan Faraku, za su kai Jugu, an ɗaure ta da sarƙa huɗu. A hanya suka iske motar wani ɗan unguwarmu ta mutu da buhunan masara. Ka san su, ba sa wuce ɗan'uwa a hanya, in ka wuce, gobe a tasha ba mai gaishe ka. To ba su da abin ja. Sai suka kwance sarƙa biyu daga jikin katafilar suka ɗaura wa mai masarar, inda suka cire kuma suka sa igiyar da ake ɗaure buhu. Labaran ya ce katafila ai nauyinta ma ya isa ya riƙe ta, sun sha yi. Aka ce Zailani ya hau baya ya zauna kusa da ita, in ta motsa ya buga ƙarfe su ji. Da suka kama hawa, ta motsa. Ya buga. Ba su ji ba. Shi kuma maimakon ya diro sai ya je zai cusa mata katako a ƙasa, ta danne masa ƙafar. Sai da aka nemo wata mota aka ɗaga ta kafin a zare shi, tun azahar har la'asar. Labaran yana zuwa kullum ya zauna nesa, ban kore shi ba, ban kuma yi masa magana ba.

Ga abin da ya sa na ce a rubuta. Kwana na uku ƙafar ta yi baƙi, tana wari, shi kuma bai san inda yake ba. Likita ya fito da takarda yana Faransanci, Munira tana juya mini. Ya ce ko ƙafar ko shi, kuma yau. An kira ka ya fi sau goma, wayarka ba ta shiga. Matarsa Safiyatu tana ta faɗuwa, ba ta san abin da ake yi ba, babu namiji a wurin. Suka kawo tawada. Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba, suka kama yatsana suka nuna mini wurin, na dangwala. Ban ji komai ba, kamar ranar zaɓe.

Da ya farka ya shafa wurin, bai yi ihu ba. Tambaya ɗaya ya yi, wa ya ce a yanke. Yana kallon yatsun mutane. Da ma ya sha faɗa wai gara a binne shi da a mai da shi mai roƙo a bakin tasha. Tsoro ya kama ni, na ce masa kai ne ka ba da izini ta waya. Ƙarya na yi maka, da tsufana. Tawadar ta shige ƙarƙashin farce ta ƙi fita, sai na sa Munira ta ƙunsa mini lalle a hannun duka. Mata suna kallona, tsohuwa da sabon lalle ɗanta na kwance. Na bar su.

Yanzu ba ya cin abin kowa sai nawa. Safiyatu ta miƙa ya kau da kai, ni na miƙa kunu ya sha cokali biyar, wata rana bakwai. Likita ya ce in bai ci ba ciwon ba zai haɗe ba. In ya san ni ce, cokali biyar ɗin ma sun tafi. Ƙaryar da na yi maka ce ta sa in ka kira ba ya karɓa, ba wayar ce ta lalace ba. Ina roƙonka, ranar da ya karɓa, ka ce kai ne. In ya zage ka ka yi shiru. Kai kana nesa, zai huce kafin ka zo. Ni ce ke nan da kwanon. In ya fara tafiya da sanda ni da kaina zan gaya masa, in ina da rai. Ka yafe mini.

Ka gaida Ummuhani da yara, Haidar da Mubina. Kawunka Saidu yana gaishe ka, shi ma bai sani ba. Daga ni sai Munira, sai kai yanzu.

Munira ta ce in dangwala a ƙasa don ka tabbatar ni ce. Na ce a'a, ka san maganata.

Wassalam,
Innarku